Yadda tela zai gama ɗinkin Sallah a Legas ba tare da saɓa alkawari ba

Azumi kwana 29 ne ko 30, kuma ba wanda ya san wanne ne sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata. Shi ya sa a shagona na Agege ba na lissafi da ranar idi. Ranar 27 ga azumi nake rubuta wa yara a bango da alli, ranar da kayan ƙarshe za su bar shago ke nan. Sauran kwanakin na gyara ne: wando ya yi tsawo, hannu ya matse.

Ka fara da abin da ba a hannunka yake ba. Babbar riga da kaftani masu aikin wuya, yanka su tun makon farko ka kai wa mai aiki, don duk telolin unguwa wurinsa suke layi. Zare, maɓalli da shafi kuwa, ka rubuta su duka ka sayo a tafiya ɗaya. Zuwa kasuwar Balogun yini guda ne in gosulo ya kama ka a gadar Third Mainland, balle ruwa ya sauka hanya ta cika.

Sai wuta. Ka raba aikin kashi biyu. Yanka da keken ƙafa ba ruwansu da wuta, a bar su sai an ɗauke. Da an kawo, ko da lokacin sahur ne, a hau inji da guga. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ba na tayar da janareta sai aiki ya taru.

Kowane yaro ya tsaya kan abu ɗaya, wannan yanka, wancan haɗi. Kada ka ɗauki sabon yaro a goman ƙarshe, lokacin koya masa ya fi taimakonsa, ga haɗarin ɓata shaddar mutane.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tafiya Arewa yin Sallah. Tun wajen awo nake tambaya: "Alhaji, a nan za ka yi Sallah ko gida?" In gida ne, ranar tashin motarsa ce wa'adinsa, kayansa su hau gaba.

In littafin karɓar ɗinki ya cika, rufe shi. Ka ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba zai samu ba," tun tana da kwanakin neman wani tela.