Yadda za ka ƙara wa laburaren wasanni kyamara a Windows bayan ta zauna a Linux

Sashen kyamara da aka rubuta domin Linux ba ya tashi a Windows ko kaɗan, kuma wannan na iya tsayar da mai rubuta wasanni a nan Legas. Mai rubutun yana unguwar Yaba, da Linux a kwamfutarsa, amma kwamfutocin da yara za su buga wasan a kansu, a makarantun Agege ko Idi-Araba, mai yiwuwa da Windows aka sayo su daga kasuwar kwamfuta ta Computer Village. A Linux ta hanyar V4L2, wato tsarin bidiyo na Linux, ake magana da kyamara: ka buɗe /dev/video0 kamar fayil, ka nemi ma'ajiyai da VIDIOC_REQBUFS, ka riƙa karɓar hoto da VIDIOC_DQBUF. Windows ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Manyan hanyoyinta biyu ne, tsohuwar DirectShow da Media Foundation. Ta biyun za ka bi, domin tun daga Windows 7 tana da Source Reader, mai karɓo maka hoto daga kyamara, wanda ke ɗauke maka fiye da rabin wahalar.

Pygame, laburaren wasanni na Python, ma ta wannan turbar ta bi. Nirav Patel ne ya rubuta mata sashen kyamara a 2008 domin Linux, kuma sai a pygame 2.0.2 ta samu kyamarar Windows ta kanta, a kan Media Foundation. Laburaren SDL kuwa sai da SDL3 ta fito a Janairun 2025 ta zo da nata. Wanda zai fara sabon wasa yau zai iya ɗaukar ɗaya daga cikinsu ya huta. Wannan bayani na wanda ke riƙe da laburaren kansa ne, ko yake son gyara na wasu.

Raba laburaren gida biyu tukuna

Kafin ka rubuta layi ɗaya na Windows, ware abin da mai wasa, wato mai rubuta shi, ke gani daga abin da ke taɓa babbar manhaja, Linux ko Windows. Mai wasa ayyuka shida kawai yake bukata: a jera masa kyamarori, a buɗe ɗaya, a kunna ta, ya tambaya ko sabon hoto ya iso, ya ɗauko hoton, a rufe. A pygame su ne irin su list_cameras, start, query_image, get_image da stop. Sunayen nan da abin da suke mayarwa kada su canza. Duk wani kiran ioctl, irin su VIDIOC_DQBUF, ya koma fayil ɗin Linux, ka buɗe sabon fayil na Windows mai waɗannan ayyuka shida, sannan lokacin haɗa manhaja _WIN32 ya zaɓi wanda za a ɗauka. Idan mai wasa ya zama dole ya rubuta "in Windows ce yi kaza", aikin bai yi kyau ba. A haɗa da mf.lib, mfplat.lib, mfreadwrite.lib, mfuuid.lib da ole32.lib, in ba haka ba mahaɗin zai cika maka allo da sunayen da bai gano ba.

Kyamara da zarenta, wasa da nasa

Nan ne shawarar da ta fi kowace nauyi. Wasan da ke zana hoto 60 a daƙiƙa yana da kimanin milisakan 16.7 ga kowane zagaye. Kyamara mai hoto 30 a daƙiƙa kuwa sai bayan milisakan 33 take ba da sabo, kuma ReadSample, kiran da ke ɗauko hoto daga Source Reader, yana tsayawa cak har hoton ya iso. Ka kira shi a cikin zagayen wasa, ka ɗaure wasan a ƙafar kyamara ke nan: ita ta yi jinkiri, shi ma ya yi. Saboda haka buɗe wa kyamara zaren aiki (thread) nata daban, kuma duk abin da ya shafi Media Foundation ya gudana a cikinsa, tun daga CoInitializeEx da COINIT_MULTITHREADED, sai MFStartup. Akwai dalili na biyu. Laburaren taga ko na sauti sau da yawa ya riga ya tayar da COM, tsarin Windows da CoInitializeEx ke tayarwa, a babban zare da wani tsari daban, sai kiranka ya dawo da RPC_E_CHANGED_MODE. A sabon zare babu wannan rikicin.

Tsakanin zaren biyu ka ajiye ma'ajiya biyu da makulli ɗaya. Zaren kyamara ya cika ta baya, ya kulle, ya musanya su, ya ɗaga tuta cewa akwai sabo, ya buɗe. query_image tutar kawai yake dubawa. Kada ka jera hotuna a layi suna jiran a ɗauka. Wanda ba a ɗauka ba a zubar da shi. Mai buga wasa da ya ɗaga hannu yana son ya ga hannunsa yanzu, ba na rabin daƙiƙar da ta wuce ba. Idan laburaren na Python ne, duk inda za a yi jira a saki GIL, babban makullin Python, da Py_BEGIN_ALLOW_THREADS.

Nemo kyamarar

Wannan ba shi da wuya. MFCreateAttributes, ka sa MF_DEVSOURCE_ATTRIBUTE_SOURCE_TYPE ya nuna na'urar ɗaukar bidiyo, sai MFEnumDeviceSources ya ba ka jerin. Kowace tana da suna na nunawa a FRIENDLY_NAME da kuma SYMBOLIC_LINK. Nuna wa mutum na farko, amma da na biyu za ka riƙe kyamarar, domin kyamarori biyu 'yan kamfani ɗaya suna zuwa da suna iri ɗaya sak. Daga nan ActivateObject ya ba ka IMFMediaSource, ka miƙa shi ga MFCreateSourceReaderFromMediaSource. Jerin da sunayen duk da CoTaskMemFree ake sakinsu.

Tambayi kyamara abin da take iyawa

Abin da aka rubuta a kwali ba hujja ba ne. Zagaya GetNativeMediaType daga 0 har ya dawo da MF_E_NO_MORE_TYPES, kana karanta MF_MT_SUBTYPE, MF_MT_FRAME_SIZE da MF_MT_FRAME_RATE na kowane. Tsarin hoton da za ka fi gani su ne YUY2, NV12 da MJPG.

Ga lissafin da ya kamata ya zauna a kanka. YUY2 bayit 2 ne ga kowane ɗigo. Hoton 640 da 480 bayit 614,400 ke nan, sau 30 ya zama 18,432,000 a daƙiƙa. Hanyar da kyamarar USB 2.0 ke turo bidiyo a kai a kai iyakarta bayit 24,576,000 a daƙiƙa, don haka wannan ya shige. Amma 1280 da 720 bayit 1,843,200 ne, sau 30 ya kai 55,296,000, ya ninka iyakar fiye da sau biyu. Shi ya sa kyamarar da ke iƙirarin 720 ko 1080 take faɗowa zuwa wajen hoto 10 a daƙiƙa ko ƙasa da haka idan ka nemi YUY2, kuma sai a MJPG, wanda ke matse hoto, take ba da 30. Wanda ya zaɓi tsari da girma kaɗai bai duba gudu ba, shi ne zai zo yana cewa Windows ce ke da nauyi. Ga wasa, 640 da 480 ya wadatar a mafi yawan lokuta, kuma tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo za ta ɗauke shi ba tare da fanka ta fara kuka ba. Kyamarori biyu a kan marabar USB ɗaya kuwa hanyar ɗaya suke rabawa. Ta biyun na iya ƙin tashi sam.

Idan ka zaɓa, miƙa wannan tsarin ga SetCurrentMediaType, sannan ka sake kiransa kana neman MFVideoFormat_RGB32. Wannan ba zai karɓu ba sai ka riga ka sa MF_SOURCE_READER_ENABLE_VIDEO_PROCESSING tun lokacin ƙirƙirar Source Reader, ko kuma ɗan'uwansa mai ADVANCED da ya zo da Windows 8. Ɗaya ake sawa, ba duka biyu ba. A ƙarshe kira GetCurrentMediaType, ka ba mai wasa girman da aka samu, ba wanda ya nema ba. Idan laburarenka ya riga yana da mai juya YUYV zuwa RGB daga ɓangaren Linux, yi amfani da shi, domin YUY2 da YUYV abu ɗaya ne: Y, U, Y, V.

Inda hoto ke lalacewa

ReadSample na iya dawowa da S_OK alhali babu hoto a hannunsa, musamman a kiran farko, tare da tutar MF_SOURCE_READERF_STREAMTICK. Duba ko samfurin NULL ne kafin ka taɓa shi. Wannan kaɗai ya isa ya rushe wasa tun bai fara ba.

Hoto ya fito a kife, kai a ƙasa? Tazarar layi ce, wato yawan bayit daga farkon layi zuwa farkon na gaba. A Windows hoton RGB na iya farawa daga layin ƙasa, kuma alamarsa ita ce tazarar ta zama ƙasa da sifiri. Nemi IMF2DBuffer ka kira Lock2D: zai ba ka adireshin layin farko da tazarar tare da alamarta. Kwafe layi bayan layi, kana ƙara tazarar kowane karo. Kada ka ɗauka tazara daidai take da faɗi sau 4. Wani lokaci akwai ciko a ƙarshen layi, kuma idan ka kwafe gaba ɗaya hoton zai karkace kamar an ja shi ta kusurwa.

Fuska ta koma shuɗiya? RGB32 na Windows a ƙwaƙwalwa shuɗi ne farko, sai kore, sai ja. Gyara jerin launin shimfiɗar da kake zubawa a ciki, ba sai ka juya kowane ɗigo ba. Idan kuma hoton ya ɓace ƙurmus ba tare da kuskure ba, bayit na huɗu ne: ba a yi alkawarin zai zama 255 ba, laburarenka kuma ya ɗauke shi a matsayin ma'aunin bayyana. Ka cika shi da 255 ko ka ce a yi watsi da shi.

Kowane samfuri sai an kira masa Release. Hoton RGB32 na 640 da 480 bayit 1,228,800 ne. A 30 cikin daƙiƙa ya haura gigabayit 2 a minti ɗaya. Wasu kyamarorin ma ba sa bari a kai can, suna daina turowa ne da zarar 'yan ma'ajiyansu sun ƙare.

Kurakuran da ba naka ba ne ma sai ka fassara su. E_ACCESSDENIED yawanci yana nufin an hana manhajoji kyamara a sashen sirri na saitin Windows. MF_E_VIDEO_RECORDING_DEVICE_INVALIDATED yana nufin an zare waya, ko ramin USB ya saki. MF_E_VIDEO_RECORDING_DEVICE_PREEMPTED kuwa wata manhaja ce ta ƙwace kyamarar. Kowanne ya koma saƙo da mutum zai gane, zaren ya fita cikin tsari, wasan ya ci gaba ba kyamara. Windows mai harafin N ba ta zuwa da Media Foundation sai an sa mata Media Feature Pack, don haka maimakon haɗa su kai tsaye ya fi kyau ka loda mfplat.dll, mf.dll da mfreadwrite.dll da LoadLibrary, kada rashinsu ya hana wasan duka buɗewa.

Wutarmu da kyamararsu

Wutar Najeriya 50 take kaɗawa a daƙiƙa, ta Amurka 60. Kyamarar da aka saita a 60 tana fitar da ratsin duhu masu yawo a hoto ƙarƙashin fitila mai ƙyafƙyaf. A Linux V4L2_CID_POWER_LINE_FREQUENCY ke gyara wannan. A Windows KSPROPERTY_VIDEOPROCAMP_POWERLINE_FREQUENCY ne, ta IKsControl. Fito da shi fili a laburaren, mai wasa ya iya zaɓa. A kan ƙaramin janareta gudun wutar ba ya tsayawa daram a 50, saboda haka ratsin na iya dawowa ko saitin daidai ne. Hasken rana ta taga ko fitilar caji sun fi magance shi.

Idan aka ɗauke wuta ɗaki ya yi duhu, kyamara kan tsawaita lokacin ɗaukar kowane hoto don ta tara haske, sai 30 ta koma 15 ko ƙasa. Wasan da ke auna motsi kada ya ƙirga hotuna. Ya yi amfani da hatimin lokacin da ReadSample ke bayarwa, wanda ake ƙirgawa da nanosakan 100.

Rufewa da gwaji

Ɗaga tutar tsayawa, jira zaren ya gama, kuma a cikinsa a saki Source Reader, a kira Shutdown a kan IMFMediaSource, sai MFShutdown, sai CoUninitialize. Idan ka tsallake Shutdown, 'yar fitilar kyamara na iya zama a kunne, wata manhaja kuma ta kasa buɗe ta. Gwada kunnawa da kashewa sau 100 a jere kana kallon ƙwaƙwalwa a Task Manager. Zare wayar ana tsakiyar wasa, ka mayar. Rufe murfin kwamfutar ta yi barci, ka tashe ta. Sannan ka yi duk wannan da kyamarar cikin kwamfuta da kuma mafi arhar ta USB da za ka samu a Ikeja, domin ita ce za ta kasance a kan teburin masu buga wasan.