Bututun ruwan zafi na ƙara? Tsaya tukuna, kar ka fasa bango

Yawancin mutane da zarar bututun ruwan zafi ya fara ƙara a gida sai su kira mai gyaran famfo su ce masa "malam fayif na ƙara", shikenan bayanin ya ƙare. Wace irin ƙara? Oho. Yaushe take yi? Oho. Shi kuma ya zo ya buɗe famfo ya rufe bai ji komai ba, don a lokacin ruwan bai ɗau zafi ba, sai ya canja abin da idonsa ya faɗa kai ya kama gabansa, dare na yi ƙarar ta dawo kamar ba a yi komai ba. Kuskuren farko kenan kuma shi ya haifi sauran, wato taɓa sifana kafin a kasa kunne. Ka ba kanka kwana ɗaya ko biyu kana lura: ƙarar na zuwa ne lokacin da ka buɗe famfo, ko yana cikin zuba, ko daidai lokacin da ka rufe, ko kuwa sai can bayan an gama wanka kowa ya kwanta? Ɓangaren zafi kaɗai ne ko har na sanyi? Famfo ɗaya ne ko duk gidan? In ka amsa waɗannan wallahi ka yi rabin aikin, don kowace ƙara da lokacinta.

Sannan kar ka yarda da kunnenka kan inda ƙarar take. Ƙarfe da ruwa suna ɗaukar sauti su kai shi nesa, sai ka rantse a bangon ɗakinka ne alhali abin na can kusa da hita. Ɗauki dogon sukundireba ka ɗora bakinsa a jikin bututu, ƙotar kuma ka manna a kunne, ka riƙa bi gaba gaba wani na buɗe maka famfon yana rufewa, inda ta fi ƙarfi nan ne gidanta.

Toh bari mu fara da wadda ta fi sa mutane asara, ƙas... ƙas... ƙas ɗin nan da ake ji a cikin bango ko silin jim kaɗan bayan an buɗe ruwan zafi. Kowa ya ji sai ya ce ruwa ne ke ɗiga, a kawo guduma a fasa tayil, a tarar da bututu a bushe ƙayau. Ba yoyo ba ne, bututun ne ke miƙa. Duk abin da ya ɗau zafi tsawo yake ƙarawa, bututun jan ƙarfe mai tsawon mita 10 in zafinsa ya ƙaru da digiri 40 zai ƙara kusan milimita 7, na roba irin PPR kuwa da ba a saka masa zare ko alminiyom a ciki ba zai iya ƙara wajen santimita 6 a wannan tsawon, ka ga ba wasa ba ne. In an matse shi da kilif ko an cusa shi a ramin katako da ya yi masa ɗamas, ba zai zame salin alin ba, sai ya maƙale ya fizge, ya maƙale ya fizge, kowace fizga ita ce ƙas ɗin da kake ji. Yadda za ka bambance da yoyo abu ne mai sauƙi, ita wannan tana farawa da sauri sauri sai ta riƙa ja baya har ta yi shiru in bututun ya gama ɗaukar zafi, in ya fara hucewa ta sake dawowa a hankali. Yoyo kuwa bai san hutu ba, kuma ko ba daɗe ko ba jima zai nuna kansa da danshi a bango, in kana da mitar ruwa ka rufe duk famfunan gidan ka duba ko tana motsi.

Abin haushin shi ne ko waɗanda suka gane bututun ne ke motsi sai su je su ƙara ɗaure kilif ɗin tamau wai don ya daina, ai ka ƙara wa wuta fetur ne. Sassauta masa za ka yi. Sa kilif na roba da zai riƙe shi amma ya bar shi ya zame, inda ya ratsa katako a ɗan faɗaɗa ramin a naɗa masa soson nan da ake rufe bututu da shi. In kuma yana binne can cikin siminti kuma ba ya yoyo, ni dai shawarata ka haƙura da shi, ƙarar ba ta ɓata komai, fasa bangon ne zai ɓata.

Sai dum! ɗin da ake ji kamar an doki bango da guduma daidai lokacin da aka rufe famfo. Wannan daban ce, kuma ita kam ba a ƙyale ta. Ruwa na gudu a bututu ka tare shi farat ɗaya, shi kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai ƙarfin gudun ya koma baya ya jijjiga bututun, in abin ya daɗe yana yi mahaɗa ce za ta saki. Famfunan zamani masu hannu ɗaya da ake rufewa da ɗan juyi kaɗan su suka fi jawo ta, da injin wanki don bawul ɗinsa na lantarki ne, ƙiftawar ido ya rufe. Gwada rufe famfon a hankali, in ba ka ji dum ɗin ba toh ka kama ɓarawon. A nan ne ƙara kilif ke da amfani, inda bututu ke lilo ba abin da ya riƙe shi. Akwai kuma ɗan ƙarfen da ake kira aresta, ciki iska ce a bayan fistin, ana ɗaura shi kusa da famfon ko injin da ke jawo bugun sai ya shanye shi, kusa fa, ba can bakin geti ba.

Amma kafin ka sayi komai auna matsin ruwan, geji ne ƙarami da ake murɗawa a bakin famfo. Da ma'aunin da ake kira bar ake auna matsi, gida bar 3 zuwa 4 ya ishe shi, in ka ga ya haura 5.5 ya yi yawa, sai a sa bawul mai rage matsi a inda ruwa ke shigowa. Dabarar da mutane ke yi ta rufe babban bawul rabi wai sun rage fresha, wannan yaudarar kai ce, yawan ruwan da ke wucewa ka rage, da zarar an rufe famfuna matsin zai koma yadda yake, kuma ga sabon fito ka sayo wa kanka don ruwa na kutsawa ta ƙaramar kafa.

Tunda an zo maganar fito, in famfo ɗaya tak ke tsuwa ko karkarwa kamar bakin algaita sa'ad da yake zuba, musamman in ka buɗe shi kaɗan, kusan kullum washa ce, 'yar robar nan ta ciki, ta ci ko ta yi sako-sako ruwa na kaɗa ta. Ruwan zafi na saurin busar da roba shi ya sa ɓangaren zafi ke riga na sanyi lalacewa. Kar ka riƙa murɗe kan famfon da ƙarfin tsiya, mazaunin washar kake ci, kuma ba sai ka sayi sabon famfo ba. Rufe ruwa, kwance kan, tafi da tsohuwar a hannu ka samo daidai ita. Mai hannu ɗaya kuwa katirij ake canja masa, wato ɗan abin cikinsa da ke buɗe ruwa yana rufewa. Kafin ma duk wannan kwance 'yar ragar bakin famfon ka buɗe ruwa, in fiton ya tafi toh datti ne ya toshe ta, jiƙa ta a ruwan khal ka wanke.

In kuma ƙarar daga cikin hitar kanta take, gurnani da fas-fas kamar tukunya na shirin tafasa, laka ce da farin dattin nan mai tauri irin wanda ke kama gindin butar lantarki, ya taru a ƙasan tankin ko ya lulluɓe elemen, wato ƙarfen da ke dumama ruwan, ruwa ya maƙale a ƙarƙashinsa ya zama tururi ya fasa ya fito. Wasu sai su mai da tamostat, wato abin saita zafin hitar, can ƙasa ruwa ya koma ɗumi ɗumi, eh ƙarar za ta ragu, amma ƙwayar cutar Legionella tsakanin digiri 20 zuwa 45 ta fi jin daɗin hayayyafa, shi ya sa ake son ruwan da ke zaune a tanki ya kai 60. Wanke tankin shi ne magani. Kashe wuta, bari ya huce, rufe ruwan da ke shiga, buɗe famfon zafi ɗaya don iska ta samu hanya, sannan ka zuƙe shi ka ɗauraye har ruwan ya fito garau. Don Allah kar ka kunna wuta sai ka cika shi har ruwa na zuba sosai ta famfon zafi, elemen in ya kama a bushe nan take yake ƙonewa, ni kaina na taɓa yin wannan wautar saboda gaggawar wanka.

Wani abu da ba na wasa ba. A jikin hita akwai ƙaramin bawul na kariya da ke ɗan ɗiga ko ya yi tsss lokacin da ruwa ke ɗaukar zafi, aikinsa kenan, ruwa in ya yi zafi kumbura yake, lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 na ƙara wajen kashi uku cikin huɗu na lita, dole ya samu mafita. Na sha ganin an toshe bakinsa da murfi wai yana ɓata bango. Kada ka kuskura, ranar da tamostat ya mutu wannan bawul ɗin ne tsakaninka da fashewar tanki. A ja masa tiyo zuwa magudana. In yana zuba ba tsayawa ko ka buɗe famfo tururi ya fito da tafasa ta gaske, kashe wutar nan take ka kira wanda ya san aikin.

Tari da tofi da famfo ke yi bayan an ɗauke ruwa ko an yi gyara, iska ce kawai, buɗe famfunan gidan duka na 'yan mintuna har zubar ta daidaita sannan ka rufe su daga na ƙasa zuwa na sama.

Akwai ƙugin da ke cika gida wuuu bayan an gama wanka, a ɗora wa hita laifi har a canja ta, alhali bawul mai ƙwallo ne na tankin sama ko na masai ke rawa yayin da yake cikawa. In ƙugin ya fara, je ka ɗaga hannun ƙwallon da yatsa, in ya yi tsit toh robar cikinsa za ka canja, hitarka lafiyarta lau.