Masu rufin kwano, ku bar wa iska wuri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kafin zafin Afrilu ya sauko mana a Sakkwato, lokacin da yakan haura digiri 40, ga shawara ga mai shirin yin silin.

Kada a manna silin da kwano. A bar tazara a tsakani, domin iskar da ke zaune cikinta ita ke rage wa zafi hanyar shiga ɗaki. In da hali, a shimfiɗa takardar aluminiyam a ƙarƙashin kwanon, gefen mai ƙyalli ya fuskanci tazarar. In gefen mai ƙyallin ya manne da wani abu, amfanin takardar ya ragu sosai.

Dabarar rigar 'yan sama jannati ke nan. A sararin samaniya gefen rana yakan kai kusan digiri 120, inuwa kuma ta yi ƙasa da sifili da fiye da 100. Ba kauri ke kare su ba, siraran ledoji ne masu aluminiyam, hawa-hawa, da raga a tsakaninsu don kada su taɓa juna.

Ku tuna wa kafinta ya bar ƙofar iska a gefe biyu na tazarar don iska mai zafi ta fita, ya sa mata waya saboda jemagu.