Babi na 6: Rage wa Mara Lafiya Zafi da Fargaba ta Hanyar Hangen Zuci

Darasi na 1: Kafin a fara

Wannan aikin ba allura ba ne, ba ƙwaya ba ne. Muryarka ce da haƙurinka. Za ka taimaki mara lafiya ya hango wani wuri mai daɗi a zuciyarsa, har numfashinsa ya lafa, jijiyoyinsa su saki. Ana yin haka kafin tiyata, da lokacin wanke ƙuna, da lokacin naƙuda. Maganin da likita ya rubuta kuwa, a ci gaba da shansa a kan lokaci.

Ka fara da tambaya: "Daga 0 zuwa 10, zafin yana nawa?" 0 na nufin babu zafi, 10 shi ne mafi tsanani. Rubuta lambar a takarda. Idan hannunka bai faɗa da rubuta lamba ba tukuna, ja layuka daidai adadinta. Ba abin kunya ba ne.

Darasi na 2: Magana da shiru

Shi zai zaɓi wurin, ba kai ba. Kada ka ce masa ya hango bakin ruwa, wataƙila ya taɓa nutsewa. Ka ce, "Wane wuri ne hankalinka yake kwanciya?" Sai ya lumshe ido, ya ja numfashi ta hanci, ya sake shi a hankali ta baki.

Yanzu ga inda kusan kowa yake tuntuɓe. Bayan kowace tambaya, ka yi shiru. Ka dubi ƙirjinsa, ka ƙirga numfashi uku, sannan ka sake magana.

"Me kake gani a wurin?" Shiru. Ɗaya, biyu, uku.

"Wane sauti kake ji?" Shiru. Ɗaya, biyu, uku.

"Iskar tana da sanyi ko ɗumi?" Me ya biyo baya? Shiru. Madalla.

Na san shirun yana da nauyi, sai ka ga kamar ba aiki kake ba. Aikin ke nan. A cikin shirun nan ne hoton yake fitowa a zuciyarsa. A wani aji, wata ɗaliba ta jero tambayoyinta duka ko haɗiyar miyau ba ta yi ba. Wadda ta kwanta a matsayin mara lafiya ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Yaya, ni fa ko ƙofar wurin ban kai ba." Aka yi dariya, washegari kuma rabin ajin suka maimaita kuskuren.

Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Ba karatun labarai kuke yi ba. Tambaya ɗaya, numfashi uku. Wanda ya kasa jiran numfashi uku, ya koma ya gwada da ɗan ajinsa kafin ya je kan mai ciwo.

Darasi na 3: Dawowa

Minti 10 zuwa 15 sun isa. Ka ce ya motsa yatsunsa, ya buɗe ido a hankali. Sake tambayar lambar, ka rubuta ta kusa da ta farko.

Idan ya fara kuka ko ya firgita, ka tsaya nan take. Idan zafin sabo ne ko ya ƙaru, kira ma'aikacin jinya. Mai ruɗewar hankali, sai da izinin likita.

Darasi na 4: Aikin gida

Gwada da mutum ɗaya. Kawo lambobin biyu.