Yadda ake yaɓe masallacin da aka gina da ƙasa ba tare da siminti ba

A Larabanga, kusa da Damongo a arewacin Ghana, ana ba da labarin wani falke mai suna Ayuba da aka umarce shi a mafarki ya gina masallaci, gari na wayewa ya tarar da harsashin a gine. Ana danganta wannan da shekarar 1421. Labari ne mai daraja, amma yaɓen da magina ke sabuntawa shi ya kawo ginin yau. A shekarun 1970 an shafe shi da siminti, danshi ya maƙale a cikin bango, gara ta cinye itatuwan, sai da aka kankare simintin a gyaran da aka fara a 2002. Don haka 'yan Aboabo da Asawase masu haɗa kuɗi a Kumasi don gyaran masallacin ƙauyensu a Arewa, kada ku aika buhunan siminti. Ku biya magini.

A fara bayan ruwa ya ɗauke. A ƙwanƙwasa bango. Inda ya yi ƙarar rami, yaɓen ya saki, a ɓamɓare shi. Itacen da gara ta ci a sauya shi.

Kwaɓi shi ne zuciyar aikin. A samo jar ƙasa irin wadda aka yi ginin da ita, a tankaɗe tsakuwa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a rufe ta kwana 3 zuwa 7 ta ruɓa. Ƙasar kowane gari da halinta, shi ya sa ake gwaji tukuna: a shafa kwaɓi kala uku a gefen bango, ɗaya zalla, ɗaya kwano 3 na ƙasa da 1 na yashi, ɗaya 2 da 1. Bayan kwana 2, wanda ya tsattsage yumɓu ya yi masa yawa, wanda ke zuba in an murza yashi ya yi yawa.

A yayyafa wa bango ruwa kafin a shafa, in ba haka ba busasshen bango zai tsotse ruwan kwaɓin ya ƙi kamawa. Kauri kada ya wuce santimita 2 a shafi guda, daga sama zuwa ƙasa, da sassafe ko da yamma. Ya bushe kafin a ƙara. Shafin ƙarshe a haɗa shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, don tana korar ruwa amma bango na numfashi.

Indararo kuma a duba ya zarce bango sosai, don ruwan da ke zuba a gindin gini shi ke fara cin sa.