Sabbin shiga fatsa sannunku da zuwa, ga inda kuke ɓata rawarku da tsalle (mu ma tsofaffin muna da namu)

Assalamu alaikum. Tun bayan sallar nan kusan duk Asabar sai mun ga sabuwar fuska a bakin ruwa, wani abokin aikinshi ne ya jawo shi, wani bidiyo ya gani a waya abin ya burge shi, akwai ma wanda ya ce mamu hayaniyar gida ce ta ishe shi yana neman inda zai zauna awa uku ba wanda ya ce mashi gishiri ya ƙare. Toh duk sannunku da zuwa. Mu dai ba wata ƙungiya ba ce mai rajista da hatimi, 'yan Daura ne da wasu 'yan Katsina, akwai malamin makaranta, akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai ɗan fansho da muke kira Baba, mu haɗu mu tafi dam ɗin Sabke ko na Daberam, wani lokacin mu leƙa na Ajiwa. Kuma mu ba masunta ba ne, sha'awa ce kawai, wannan ku riƙe shi don kusan rabin kuskuren da ake yi daga manta shi yake farawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutum ya sauka daga mashin ko mota ya miƙe bakin ruwa ba sallama ba komi. Haba malam. Ruwan nan da kake gani shiru yana da masu shi, akwai sarkin ruwa, akwai masuntan da tun kafin asuba suka shimfiɗa kalli, wato ragar kamun kifi, da mamari, igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi, abincin 'ya'yansu ke nan. Wata rana wani yaro ɗan gayu ya zo da mu, kafin mu gama kafe mashina har ya wurga, ƙugiyarshi ta sarƙe a kallin wani bawan Allah, shi kuma ya ɗauka ƙaton kifi ne ya dage yana ja yana kiran mu zo mu ɗauke shi hoto. Ya yaga ragar kusan kamu biyu. Sai da Baba ya cire hula ya ba da haƙuri muka haɗa kuɗin gyara. Gyaran wannan ba wuya, ka yi sallama, ka tambayi ina sarkin ruwa ko wakilinshi, ka ce ranka ya daɗe mun zo ɗan jefa fatsa ne ina ne ba raga, in da ɗan goro ka miƙa. Wallahi sau da yawa su da kansu za su nuna maka lungun da kifi ke kwanciya, abin da in kai kaɗai ne sai ka yi wata uku baka gano ba.

Sannan in ka zo cikinmu ka faɗi ko kai wane ne, ba dogon tarihi ba. Sunanka, unguwarku, ka taɓa riƙe fatsa ko yau ne farko, ka iya ruwa ko baka iya ba. Na ƙarshen nan shi ne mutane ke ƙarya a kai saboda kunya, wai kar a ce ƙato da shi bai iya iyo ba. Ba abin kunya ba ne, mu nan Daura a ina za ka koya? Ni kaina ban iya ba. Amma in mun sani ba za mu bar ka ka hau dutsen da ke da santsi ba, ba kuma za ka shiga kwalekwale ba tare da rigar ruwa ba. Dam ba kududdufin bayan gari ba ne, taku biyu ruwa iya gwiwa na uku sai rami.

Yanzu bari in zo kan masu sayen kaya tun kafin su ga ruwa, nan zan ɗan daɗe don abin ya yi yawa. Akwai wata irin fatsa ta Turawa da ake yawan gani a bidiyo, mutum tsaye cikin rafi yana kaɗa zare a sama gaba da baya kamar mai kora tsuntsu a gonar gero, mu dai fatsar ƙwaron bogi muke ce mata don ba tana ba fara a bakin ƙugiyar, gashin tsuntsu ne da zare aka ɗaure ya yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi. Mutum uku a cikinmu sun yi odar ta, biyu sun jingine a bayan ƙofa. Dalili? Sun ɗauka irin fatsar da muka saba ce. A tamu dalma ce ke da nauyi, ita ke jan zare in ka wurga. A waccan ƙwaron ba shi da nauyin komi, zaren ne mai kauri mai nauyi, shi ke ɗaukar ƙwaron ya kai shi. Toh in ka sa ƙarfi ka wurga kamar mai jifa da gwafa ba inda za shi, sai dai ya zubo maka a ka. Kuma zaren da sandar lamba gare su, dole su dace, sanda mai lamba 5 zare mai lamba 5, wani ya sayo sanda lamba 5 da zare lamba 9 don shi ne mai araha, ya zo yana cewa kayan jabu ne.

Yadda ake gyarawa, kar ka fara a ruwa. Ka je filin ƙwallo da yamma, ka ɗaura ɗan ƙullin ulu a madadin ƙugiya, ka ja zare kamar taku goma. Ka ɗaga sandar da sauri ka tsayar da ita daidai ta ɗan wuce kunnenka, ka jira zaren ya miƙe a bayanka, sannan ka turo gaba ka sake tsayawa. Jiran nan shi ne duk sirrin kuma shi ne kowa ke kasawa, in ka ji zaren ya yi ƙara kamar bulala to ka yi gaggawa, a ruwa da tuni ƙwaronka ya tsinke ya tafi. Yara za su taru suna maka dariya, ka ƙyale su. Ranar da za ka sa ƙugiya ta gaske ka sa tabarau da hula, ka kuma matse ɗan kunnen ƙugiyar da filaya ya kwanta, don iskar hunturu in ta kaɗo zaren a kunnenka ko wuyanka zai sauka, mun cire ma telanmu ɗaya a gefen kunne, da kunnen ƙugiyar na nan da sai asibiti. Ka duba bayanka ma kafin ka kaɗa, akwai yara masu kallo, akwai shanun da aka kawo shan ruwa, akwai ƙaya.

Wai tana kama kifin nan namu? Tana kamawa. Karfasa na ɗaukar ƙaramin ƙwaro a gefen ciyawa da sassafe, balle farkon damina lokacin da shinge, garar nan mai fiffike, ke faɗawa ruwa. Amma in tarwaɗa kake so ka kai gida a yi farfesu to ka ajiye ta ka ɗauko tana. Waɗanda kuke gani a bidiyo suna ɗaga giwan ruwa da tsage a kogin Faro na Kamaru da irin wannan fatsar, kayansu masu nauyi ne, kuma tsage sai an sa 'yar waya a gaban ƙugiya don haƙoranshi yanke zare suke kamar reza. Ba irin ruwanmu ba ne, kar ka sayi kayan can ka zo Daberam da su.

Ni shawarata ga sabon shiga, sandar gora, zaren roba, ƙugiya, 'yar dalma, da totuwar kara ko yankin tsohon silifas da zai riƙa yawo a saman ruwa yana nuna maka in an taɓa. Shikenan. Ka yi wata biyu da wannan tukun.

Ƙugiya kuma kowa babba yake saye, wai babban kifi yake so. Bakin karfasa ɗan ƙarami ne, za ta yi ta tsattsage tanar tana barin maka ƙarfe, kai kuma kana ta fizga kana cewa kifin nan wayo gare shi. Lambar ƙugiya a juye take, lamba 12 ta fi lamba 6 ƙanƙanta, toh karfasa ka nemi 10 ko 12, kuma ƙaramar ƙugiya na kama babban kifi amma babba ba ta kama ƙarami. Tarwaɗa ita da ƙamshi da gashin bakinta take neman abinci, a ƙasan ruwa, ta fi fitowa da magariba da dare, hanjin kaza ko tana mai kauri ka bar shi ya kwanta ƙasa. In totuwa ta ɗan motsa kar ka fizga, bari sai ta nutse ko ta fara tafiya gefe.

Lokaci ma haka. Mutum ya yi barcinshi ya karya kumallo ya iso sha ɗaya na rana, ya zauna cikin rana har azahar bai samu komi ba ya ce ruwan ba kifi. Daga an sallame asuba zuwa wajen tara, sai kuma bayan la'asar. Da sanyin hunturu kuwa abin ya kan juya, karfasa ba ta son ruwan sanyi, sai rana ta ɗan ɗaga take cin abinci. Kuma don Allah a rage surutu da buga ƙafa, kar ka tsaya inuwarka ta faɗa kan inda ka jefa, waya a sa ta a shiru. In hadari ya haɗo ana walƙiya a kwantar da sanda a bar bakin ruwa, musamman sandunan zamanin nan, ba a gardama a kan wannan.

Kifi ya fito, nan ma wani aikin ne. Kurungu na da ƙaya uku, ɗaya a baya biyu a gefe, in ya miƙe su kullewa suke, ka damƙe shi da tafin hannu ka ga yadda ake kwana ana zogi. Tarwaɗa ma ƙayar gefenta na suka. Ka kama daga bayan ƙayar, ko ka sa tsumma. In kuma ka jawo wani mai taushi mai ɗigo-ɗigo kamar an hura shi, ba ƙaya a bayanshi, minjirya ce mai jan mutum kamar wutar lantarki, kar ka taɓa, ka kira wani. Malamin makarantarmu ya taɓa kama ta da hannu biyu, har yau in aka ce minjirya sai ya duba tafin hannunshi.

Shiga ruwa ba dogon takalmin roba kuma ku daina, ba don ƙaya kaɗai ba. Tsargiya a irin ruwan nan mai kwanciya ake ɗaukarta, ƙwayar cutar daga ɗan dodon koɗi take fitowa ta shiga ta fata ba ka ji ba ka gani, sai bayan makonni ka ga jini a fitsari. Wanda ya ga haka ya je asibiti akwai maganinta, kar ya tsaya jiƙe-jiƙe.

Sai kwashe 'yan ƙanana. Na san daɗin kamun farko, ko kamar yatsa yake ji kake kamar ka kai ma Hajiya ta gani. Amma wanda bai kai tafin hannu ba ka jiƙa hannunka ka cire ƙugiyar a hankali ka maida shi. Akwai karfasar da macen a baki take goyon ƙwanta har su ƙyanƙyashe, in ka buɗe bakin ka ga ƙwai to ba kifi ɗaya ka kama ba, maida ta. Wanda kuma zai zo mamu da maganar zuba maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso, wannan ba namu ba ne, ruwan Ajiwa shi mutanen Katsina ke sha.

Masu cewa mu tafi Zobe ko Jibiya, kifi akwai, Zobe babban ruwa ne tun 1983 yake nan a Dutsin-Ma. Amma kowa ya san halin da hanyoyin can suka shiga a shekarun nan, ba a tashi haka kawai, sai an kira mutanen wurin an ji yadda gari ya kwana, ba a zuwa mutum ɗaya, ba a kai magariba, kuma a gida a san inda kake.

Toh mu tsofaffin fa? Mu ma wallahi muna korar mutane ba mu sani ba. Sabon zuwa zarenshi ya cukurkuɗe a kwarkwaron naɗe zare sai a fashe da dariya har da tafawa, wata Asabar ba za ka sake ganinshi ba. Wani kuma ya tsaya a kanshi kamar mai gadin jarabawa, ɗaga, sauke, ba haka ba, kawo in nuna maka, ƙarshe shi ya riƙe sandar har aka tashi baƙon bai jefa sau biyar ba. Ga ɓoye wuri, a tura baƙo can inda kowa ya san ba komi sai kwaɗi. Ni ranar da na fara, shekara takwas ke nan, na yi awa huɗu ban kama ko ɗaya ba kuma na zauna kan gwangwanin tanar Baba na zubar. Bai ce mani komi ba, ya tashi daga inda yake zaune, wurin da tun safe yake ta ciro karfasa, ya ce ɗana dawo nan ni ƙafata ta yi tsami. Ƙarya yake ƙafarshi lafiya lau. A nan na kama guda biyu, ɗaya ma ta suɓuce ta koma.

Saboda haka mun yi magana, duk sabon da ya zo za a haɗa shi da mutum ɗaya, ya ɗaura mashi ƙugiya sau ɗaya yana kallo, na biyu shi zai ɗaura da kanshi, sannan a matsa a ba shi wuri. Asabar mai zuwa Sabke ne in Allah ya kai mu, ana idar da asuba za mu tashi. Ku zo da hula da ruwan sha da takalmin roba, wanda ba shi da sanda kar ya saya akwai gora uku a wurina, tana kuma kowa ya haƙo tashi tun daren Juma'a a gindin randa ko bakin rariya, don Baba ya rantse bana ba zai ƙara ba kowa aro ba.