Yadda ake haɗa wa Toyota Camry sabon makulli

Tun da sauran makulli ɗaya mai aiki a hannunka ya kamata ka yi na biyu. In duka suka ɓace, sai an goge bayanan na'urar hana sata an faro daga farko, kuɗin aikin kuma ya ninka.

Kafin a yanka ƙarfen, a tantance irin cip ɗin da ke cikin kan makullin, wato ɗan ƙanƙanin abin da na'urar hana sata ke gane makulli da shi. Duba jikin ƙarfen, dab da roba. A Camry ta 2007 zuwa 2011, ɗan ɗigo na nufin cip 4D67, harafin G kuma na nufin cip G. Ba sa maye gurbin juna. In cip ɗin bai dace ba, makullin zai murɗa, injin ya yi ta juyawa, mota ta ƙi tashi.

Sai rimot. Motar da aka shigo da ita daga Amurka tana aiki da mitar 315 MHz, ta Turai kuwa 433. Nan ne masu tokumbo suke yawan asara, domin a ido rimot ɗin iri ɗaya ne. Karanta lambar bayan tsohon, ka sayi mai lamba irinta.

Aikin yana buƙatar babban makulli, mai baƙin kai. Alamarsa ita ce da an zura shi fitilar tsaro, wato ta na'urar hana sata, ta daina ƙiftawa nan take. Mai tokan kai ba ya buɗe rajista. A jona na'urar gwajin mota, Techstream ko Autel, a ramin OBD mai haƙori 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. A zura babban makulli, a murɗa har fitilun dashbod su kama, a shiga sashen rajistar makulli. Idan na'urar ta ba da umarni, a cire shi a zura sabon cikin hanzari, kada a murɗa. Bayan kamar minti ɗaya fitilar za ta mutu, cip ya shiga ke nan.

Rajistar rimot daban take: a shiga sashen rajistar rimot a na'urar, a danna maɓallin kullewa da na buɗewa tare, a saki, a sake danna na kullewa.

Batirin mota ya haura bolt 12 kafin a fara, don wuta in ta yi ƙasa ana tsaka da aiki rajistar na katsewa. Idan kuwa sace tsohon makullin aka yi, a goge shi daga kwamfutar motar, in ba haka ba har gobe zai tayar da ita.